Suna Linzami: Yadda Kwamfuta Ke Raɗa wa Na'urorinta Suna da Dalilin da Ya Sa Tsofaffin Sunaye Ba Sa Mutuwa

Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Duk inda aka ja shi, can mai sunan zai nufa. Wannan magana ta dace da 'yan Adam, ta kuma dace da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Kowace kwamfuta tana da na'urori da dama maƙale a jikinta: faifan ajiya, allon kallo, madannai, firinta, katin sadarwa da sauransu. Kafin wata manhaja ta yi aiki da ɗaya daga cikinsu, dole ta kira ta da suna. In sunan ya yi daidai, aiki ya tafi. In kuwa sunan ya koma kan wata na'urar daban, to ana iya goge aikin shekaru cikin ƙiftawa da bismilla.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu yadda ake raɗa waɗannan sunaye, da dalilin da ya sa wasu sunayen da aka ƙirƙira tun kafin a haifi galibin ɗaliban yau suke nan daram a cikin kwamfutocin da wayoyin da muke riƙewa. Za mu duba gidaje biyu, gidan Windows da gidan Unix da Linux, sa'annan mu tsamo darussan da za su amfane mu.

Mene Ne Kenel?

Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, irin su Windows da Linux da macOS, ita ake kira babbar manhaja. A tsakiyarta akwai wani ɓangare da ake kira kenel, wanda za mu iya ɗauka a matsayin zuciyarta. Kenel ne kaɗai ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Sauran manhajoji, kamar ta rubutu ko ta kallon hoto, ba su da izinin taɓa faifai ko firinta da kansu. Sai dai su miƙa buƙatarsu ga kenel, shi kuma ya isar da ita ta hannun wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ta san harshen wannan na'urar.

A nan ne suna ya zama wajibi. Mai rubuta manhaja yakan rubuta sunan na'urar a cikin aikinsa, ya sayar ko ya raba wa jama'a, shi kuma ya kama gabansa. Bayan shekara goma manhajar tana nan tana kiran wannan sunan. In masu kula da kenel suka sauya sunan, manhajar za ta yi ta sallama a ƙofar da babu kowa. Ƙoƙarin da ake yi na ganin sabon tsari bai kashe tsofaffin manhajoji ba shi masana ke kira jituwa da tsohon tsari, kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala.

Gadon CP/M da DOS: Sunayen da Aka Haramta

Ɗalibai da yawa sun san wata 'yar wasa da ake yi a shagunan intanet: a ce wa mutum ya buɗe sabuwar folda a Windows ya sa mata suna CON. Sai kwamfutar ta ƙi. Har akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo cewa wai laƙabin tsokana ne da aka yi wa Bill Gates yana yaro, shi ya sa ya haramta shi. Wannan labari ba shi da tushe. Ainihin dalilin yana cikin tarihi.

A shekarar 1974 wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ya rubuta babbar manhaja ta CP/M domin ƙananan kwamfutoci. A cikinta akwai gajerun sunaye na na'urori, irin su CON mai nufin allo da madannai, da kuma haruffa A da B masu nufin ramukan saka faifai. A shekarar 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta 86-DOS, ya kuma tsara ta yadda manhajojin CP/M za su yi sauƙin ƙaura zuwa kanta. Kamfanin Microsoft ya saye ta, ita ce ta zama MS-DOS, wadda kamfanin IBM ya ɗora a kwamfutarsa da ta fito a watan Agusta na 1981.

A DOS, sunan na'ura kamar sunan fayil yake aiki. CON shi ne allo da madannai, PRN firinta, AUX mashigin sadarwa na farko, NUL kuwa rami ne marar iyaka wanda duk abin da aka jefa masa ya ɓace. Sai COM1 da 'yan'uwansa, mashigan da ake jona modem ko linzamin kwamfuta, da LPT1 da 'yan'uwansa, mashigan firinta. Hikimar abin ita ce, mai son buga wasiƙa ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Ya isa ya ba da umarnin a kwafi fayil ɗin zuwa PRN, sai takarda ta fito.

To, ina matsalar take? DOS ta farko ba ta san folda ba sam. Duk fayilolin da ke faifai a wuri ɗaya suke zube, saboda haka sunayen na'urori ma a ko'ina suke aiki. Da aka shigo da folda a DOS 2.0 a shekarar 1983, an riga an rubuta manhajoji masu ɗimbin yawa da ke kiran PRN ko CON kai tsaye, ba tare da ambaton wata folda ba. Domin kada su lalace, sai aka bar waɗannan sunaye suna aiki a cikin kowace folda. Ke nan babu folda ɗaya da za a iya ajiye fayil mai suna CON a cikinta.

Akwai ƙari. Sunan fayil a DOS yana da haruffa takwas, sai ɗigo, sai haruffa uku na wutsiya masu nuna nau'insa. Manhajoji da yawa sukan liƙa wutsiyar da kansu. In manhaja ta tambayi mutum inda zai ajiye sakamako ya rubuta PRN, sai ta mayar da shi PRN.LST, alhali shi firinta yake nufi. Domin biyan wannan buƙata, DOS ta riƙa yin watsi da wutsiya in dai gaban sunan na na'ura ne. Shi ya sa CON.TXT da AUX.C su ma suka shiga jerin haramtattu.

Wannan gado ya taɓa zama masifa. A Windows 95 da Windows 98, in aka sa kwamfuta ta nemi hanyar da sunan na'ura ya zo sau biyu a cikinta, kamar C:\CON\CON, sai ta sandare nan take. Mugaye suka riƙa ɓoye wannan hanya a shafukan intanet domin su kashe kwamfutar duk wanda ya buɗe, har sai da Microsoft ya fitar da gyara a shekarar 2000. Ta wani ɓangaren kuma, an daɗe akwai fayil mai suna aux.c a cikin rubutun kenel na Linux, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin sauke rubutun a kan Windows yakan ci karo da turjiya a daidai wannan fayil. Har yau takardun Microsoft suna gargaɗin masu rubuta manhaja su guji CON da PRN da AUX da NUL da COM1 zuwa COM9 da LPT1 zuwa LPT9.

Me Ya Sa Babban Faifai Yake C?

Kwamfutocin farko na IBM ba su da babban faifai a ciki. Da faifan fulofi suke aiki, kuma sau da yawa ramuka biyu ne: A na manhaja, B na ajiyar aiki. Ko da rami ɗaya ne a jikin kwamfutar, DOS takan keɓe harafin B domin a iya kwafa daga wani fulofi zuwa wani ta hanyar musanya su a ramin nan ɗaya. Da IBM ya fitar da samfurin XT a shekarar 1983 ɗauke da babban faifai mai cin megabayit 10, harafin da ya rage shi ne C.

Kamfanin Sony, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera fulofi, ya daina ƙera shi a shekarar 2011. Yawancin ɗaliban da ke aji ɗaya a yau ba su taɓa riƙe fulofi a hannu ba. Duk da haka babban faifai yana nan a C, domin dubban manhajoji sun haddace cewa Windows a C take zaune. Abin ya yi kama da unguwar Sabo ta Ibadan ko Sabon Garin Kano, waɗanda sun haura shekara ɗari amma har gobe da sunan sabunta ake kiransu. Wanda ya ce zai sauya sunan, direbobin tasha ma ba za su gane inda yake nufi ba.

Abin lura shi ne, kenel ɗin Windows na yanzu bai damu da harafin C ba. Asalinsa daga Windows NT yake, wadda ta fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, ta kuma shiga gidajen jama'a sosai da fitowar Windows XP a 2001. A can ciki, kenel yana kiran yankin faifai da dogon suna irin \Device\HarddiskVolume2. Harafin C laƙabi ne kawai da ke nuni zuwa ga wannan suna, kamar yadda COM1 ke nuni zuwa ga nasa sunan na ciki. An gina sabon gida, amma an bar tsohuwar lamba a bakin ƙofa domin masu kawo saƙo.

Gidan Unix: Kowace Na'ura Fayil Ce

Unix ta samo asali ne a shekarar 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Su ma sun ɗauki na'ura a matsayin fayil, sai dai sun ware wa na'urori folda guda mai suna /dev. Wannan ɗan bambanci ya kuɓutar da su daga matsalar CON. Ramin zubar da shara na Unix sunansa /dev/null, kuma babu abin da zai hana mutum ya sa wa fayil ɗinsa suna null a wata foldar daban. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, wannan tsari ta bi.

A tsarin gargajiya na Unix, lambobi biyu kenel ke dubawa: babbar lamba mai nuna direba, da ƙaramar lamba mai nuna wace na'ura ce daga cikin waɗanda direban ke kula da su. A Linux, /dev/null yana da babbar lamba 1 da ƙarama 3. Faifan da ake kira /dev/sda yana da 8 da 0, yankinsa na farko 8 da 1, faifai na biyu kuwa ya fara daga 8 da 16. Daga nan mai karatu zai ga cewa guraben lamba 16 aka ware wa kowane faifai, ɗaya na faifan gaba ɗaya, 15 na yankunansa. Tun da lambobi ne ainihin adireshin, ana iya yi wa na'ura ɗaya suna biyu ko uku ba tare da wata illa ba.

Lambobin nan ma sun taɓa ƙarewa. Da farko kowace daga 0 zuwa 255 take tsayawa. Da manyan kwamfutoci suka fara ɗaukar ɗaruruwan faifai, sai Linux 2.6 da ta fito a Disamba 2003 ta faɗaɗa su, babbar lamba ta kai gurbi 4,096, ƙarama ta haura miliyan ɗaya. An yi faɗaɗawar ta yadda tsofaffin lambobi suka ci gaba da nufin abin da suke nufi.

A nan ma akwai sunan da ya rayu bayan mai shi ya shuɗe. Tagar da ake rubuta umarni a Linux sunanta tty. An yanko shi daga teletaif, wata na'ura mai kama da tafireta da ake aika saƙon waya da ita, wadda kuma da ita ake magana da kwamfuta a shekarun 1960 da 1970. Teletaif ta koma gidan tarihi, amma wanda ya taɓa jona ɗan modem ɗin nan na kamfanonin waya da ya yi tashe a Nijeriya bayan zuwan GSM a 2001, ya san yakan bayyana a Linux da suna ttyUSB0, a Windows kuma da suna COM da wata lamba. Sabuwar na'ura ce ta ari rigar tsohuwa domin manhajojin buga waya na da su gane ta.

Daga hda Zuwa sda

Hausawa suna da sunayen da ake samu ta jerin zuwa. Hassan ya riga Husaini, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Irin wannan suna yana da inganci ga ɗan Adam domin sau ɗaya ake haihuwarsa. Kwamfuta kuwa duk lokacin da aka kunna ta kamar sabuwar haihuwa ce ga na'urorinta. In da ana sake haihuwar tagwaye kowace safiya, da Hassan na jiya yana iya wayar gari Husaini.

A shekarun 1990, faifan yawancin kwamfutoci irin na IDE ne, kuma Linux tana sa masa suna gwargwadon inda aka soke shi. Na farko a kan waya ta farko shi ne hda, na biyu hdb, na farko a waya ta biyu hdc, ko da babu hdb. Sunan ba ya motsi sai an motsa faifan. Faifan SCSI kuwa, wanda aka fi samu a manyan kwamfutoci, sunansa ta jerin zuwa ne: wanda kenel ya fara gani shi ne sda, mai bi masa sdb, har zuwa sdz, sannan sdaa.

Da faifan SATA da filashin USB suka shigo, sai aka bi da su ta hanyar SCSI, suka zama sd. Daga Linux 2.6.19 ta shekarar 2006 aka samar da sabbin direbobi da ke bi da tsohon faifan IDE ma ta wannan hanya. Da masu haɗa Linux suka rungumi sabbin direbobin, kamar yadda Fedora 7 ta yi a 2007, mutane suka sabunta kwamfuta suka tarar hda ya koma sda. Akwai wani fayil mai suna fstab wanda ke gaya wa kwamfuta wane yankin faifai za ta ɗora a wane wuri in ta tashi. Duk wanda fstab ɗinsa ke kiran hda, kwamfutarsa tana iya ƙin tashi. Wanda kuma ya raba faifansa fiye da yanki 15 ya ci karo da iyakar da muka ambata a baya, har sai da aka samar da ƙarin lambobi a Linux 2.6.28. Tsofaffin direbobin IDE ba a cire su daga kenel ba sai a Linux 5.14 a shekarar 2021. An bar wa jama'a kimanin shekara goma sha biyar su yi ƙaura.

Haɗarin sunan jerin zuwa bai tsaya ga ƙin tashi ba. A ce ma'aikacin ɗakin kwamfuta ya saba cewa filashinsa sdb ne, sai ran nan aka ƙara wani faifai a kwamfutar, sabon ya karɓi sdb, filashi ya koma sdc. In ya ba da umarnin a goge sdb bisa sabo, faifan da bai yi niyya ba zai goge, kuma Linux ba ta cika tambayar mai cikakken iko ko ya tabbata ba. Rigakafi ya fi magani.

Maganin da aka samo shi ne a ba kowane yankin faifai lambar shaida tasa ta kansa, wadda ake kira UUID, mai alamomi 32, a rubuta ta a jikin yankin lokacin da ake tsara shi. Duk inda aka kai faifan, lambar tana biye da shi kamar zanen yatsa. Wata manhaja mai suna udev, wadda Greg Kroah-Hartman ya fara a 2003, ita ke ƙirƙirar laƙubba a ƙarƙashin /dev/disk masu nuni zuwa ga faifan da ya dace. Ba a kashe sda ba, an dai yi masa kishiyoyi masu riƙon amana. Sabbin nau'o'in faifai kuma an ba su nasu salon: nvme0n1p1 na faifai mai sauri na zamani, mmcblk0 na katin ajiya. FreeBSD ma ta bi irin wannan hanya a fitowarta ta 9.0 a 2012, inda ta sauya ad zuwa ada amma ta bar tsofaffin sunayen a matsayin laƙabi na wani lokaci.

Rikicin eth0

Katin sadarwa ya fi faifai wahala. A Linux ba shi da fayil a /dev, kuma shekaru da dama suna ɗaya tak yake iya ɗauka, mai haruffan da ba su wuce 15 ba. Sunan gargajiya shi ne eth0, eth1, bisa jerin zuwa. Kwamfuta mai kati ɗaya ba ta da damuwa. Amma a ɗauki sabar wata makaranta mai kati biyu, ɗaya yana fuskantar intanet, ɗaya yana fuskantar kwamfutocin ofis. An rubuta dokar tsaro cewa a tsananta bincike a eth0, a sassauta a eth1. In katunan suka yi musayar suna bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, to an kulle ƙofar ɗaka an bar ƙofar gida a buɗe, kuma babu wanda zai sani.

An fara gwada ɗaure kowane suna da lambar shaidar katin, wato lambar MAC. Sai dai in kati ya lalace aka sa sabo, sabon yakan zama eth1, tsofaffin dokoki kuma suna jiran eth0. A farkon 2013, fitowa ta 197 ta systemd da udev ta kawo tsarin sa suna bisa mazaunin kati a jikin kwamfuta. A suna irin enp0s3, en na nufin katin waya, p0 layin farko na allon kwamfuta, s3 gurbi mai lamba 3. Katin da ke aiki ba waya yakan fara da wl. Red Hat Enterprise Linux 7 ta ɗauki tsarin a 2014, Debian 9 kuma a 2017.

Jama'a da yawa ba su ji daɗi ba. Sunan yana da wuyar haddacewa, littattafan koyarwa duk eth0 suka sani, wasu manhajojin kasuwanci kuma suna neman eth0 domin tantance lasisi. Shi kansa sabon sunan ba ya tsira ɗari bisa ɗari, domin in aka ƙara wani kati a allon kwamfuta lambobin layuka kan iya gusawa, enp3s0 ya koma enp4s0. Saboda haka aka bar ƙofar komawa: wanda ya ba kenel umarnin net.ifnames=0 zai ci gaba da ganin eth0. A Linux 5.5 ta shekarar 2020 kuma aka ba katin sadarwa damar ɗaukar ƙarin sunaye, abin da faifai ya daɗe yana morewa.

Lura da cewa kenel da kansa har yanzu eth0 yake fara kiran katin, udev ce ke sauya sunan daga baya. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da Linus Torvalds ya shahara da tsayawa a kanta, cewa duk gyaran kenel da ya lalata manhajar da take aiki a da, to kuskuren na gyaran ne, kuma dole a janye shi. Har lambar kenel ta taɓa shiga wannan ƙa'ida. Da aka tashi daga 2.6.39 zuwa 3.0 a 2011, wasu manhajoji da suka ɗauka lamba dole ta fara da 2.6 suka rikice, sai aka samar da hanyar da kenel zai gaya musu cewa shi 2.6.40 ne.

A Cikin Aljihunmu

Wayar Android a kan kenel ɗin Linux take gudana, kuma tana ɗauke da nata gadon. Wayoyin farko, tun daga 2008, ajiyarsu ƙarama ce, hotuna da waƙoƙi a katin ajiya ake zuba su, a wata hanya mai suna /sdcard. Manhajoji suka haddace wannan hanya. Da wayoyi suka samu babbar ajiya a cikinsu, sai aka bar /sdcard a matsayin laƙabi mai nuni zuwa ga ajiyar cikin waya. Yau wayar da ko ramin kati ba ta da shi tana amsa wannan suna.

Darussa

Idan muka tattara abin da ya gabata, za mu ga hanyoyi uku na sa suna. Akwai na jerin zuwa, kamar sda da eth0, mai sauƙin faɗa amma marar tabbas. Akwai na mazauni, kamar hda da enp0s3, wanda ke tsayawa muddin ba a taɓa jikin kwamfuta ba. Akwai na shaida, kamar UUID, wanda ba ya sauyawa amma ɗan Adam ba ya iya riƙe shi a ka. Babu wanda ya haɗa sauƙi da tabbaci gaba ɗaya, shi ya sa ake tara su a kan na'ura ɗaya.

Ga ɗalibin da ke aiki da Linux, ya kamata ya duba jerin faifansa da umarnin lsblk kafin ya goge komai, ya tabbatar da girman faifan da sunansa, ya kuma yi amfani da UUID a fstab. Wanda ke shirya fayilolin da za a raba wa jama'a ya guji sunayen da Windows ta keɓe, ko da shi a wata babbar manhajar yake aiki.

Ga mu ɗaliban harshe kuwa, akwai darasi na musamman. A zamanin Windows XP, fassarar Jamusanci ta sauya ainihin sunan foldar manhajoji zuwa Programme, kuma manhajojin da suka haddace sunan Ingilishi suka riƙa zuba kayansu a wurin da bai dace ba. Daga Windows Vista aka raba abu biyu: sunan da na'ura ke amfani da shi yana nan yadda yake, sunan da ake nuna wa mutum kuma a fassara shi. Duk mai burin mayar da manhaja Hausa ya riƙe wannan. Abin da ido ke gani a allo namu ne mu fassara, mu kyautata, mu ƙirƙira masa kalmomi. Amma C da /dev/null da tty adireshi ne da miliyoyin manhajoji suka dogara da shi, kuma taɓa su ɓarna ce.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun sunayen na'urori tun daga CP/M ta 1974 da Unix ta 1969 har zuwa wayar hannu. Mun ga cewa sunan da aka zaɓa cikin gaggawa domin kwamfuta mai fulofi biyu ya zama alkawari da kamfani ke riƙe da shi sama da shekara arba'in. Mun kuma ga cewa in sauyi ya zama dole, masu hikima kan bar tsohon suna a matsayin laƙabi, su ba jama'a lokaci, su kuma bar hanyar komawa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu kula da kenel sun fahimci haka, shi ya sa suke gina sabo ba tare da rushe ƙofar da tsofaffin manhajoji suka sani ba. Duk ɗalibin da wata rana zai raɗa wa wani abu suna a cikin manhajar da ya rubuta, to ya auna sunan da kyau kafin ya sake shi, domin da zarar jama'a sun kama shi, janye shi ya fi ƙarfinsa.